Tambaya da Amsa: Gidan Wankan Jama'a, Daga Tanki Zuwa Magudana

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk a kan abu ɗaya suke: gidajen wanka na jama'a a birane, yadda za a gina su su ɗore, da yadda za a yi kowa ya samu shiga. Injiniyoyin ruwa da jami'an lafiyar muhalli da ke kula da wannan fili ne suka amsa. An taƙaita wasu daga cikin tambayoyin.

Tambaya: Ruwan sha da banɗaki na yarda nauyin hukuma ne. Amma wanka fa? A ganina wannan sha'anin mutum ne da gidansa. (Daga wani ma'aikacin hukumar birni)

Amsa: Yallaɓai, maganarka daidai ce ga wanda yake da gida, gidan kuma yana da makewayi da famfo. Fiye da mutum biliyan 1 a duniya a unguwannin cunkoso suke zaune, iyali guda a ɗaki ɗaya, iyalai da yawa na layi a kan makewayi ɗaya. Ƙara da masu kwana a tasha da kasuwa, da direbobin manyan motoci, da 'yan dako, da masu kwasar shara, da waɗanda ba su da matsuguni ko kaɗan. Birni na cin guminsu, amma bai tanadar musu inda za su wanke gumin ba.

A ranar 28 ga Yuli, 2010, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa samun tsaftataccen ruwa da tsaftar muhalli haƙƙin ɗan Adam ne. Muradun ci gaba mai ɗorewa da aka tsara a 2015 su ma sun sa burin kowa ya samu tsafta nan da 2030, tare da kula ta musamman ga mata da 'yan mata. Sai dai akwai giɓi. Abin da ake aunawa a ƙarƙashin tsaftar jiki shi ne ko gida na da wurin wanke hannu da ruwa da sabulu, kuma a kan wannan ma'auni aka gano kimanin mutum biliyan 2 ba su da shi a 2022. Wurin wanka bai shiga ma'aunin ba, abin da ba a ƙirga kuwa da wuya ya samu gurbi a kasafin kuɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa lita 20 a rana ga mutum ɗaya za ta iya isar sha da girki da wanke hannu, amma wanka da wanki sai an kai kusan lita 50 kafin a samu natsuwa a kansu. Inda ruwan wanka ya yi ƙaranci, nan ƙazwa da makero da ciwon ido na tirakoma ke yaɗuwa, ƙaramin rauni kuma ya zama gyambo. Ƙwarƙwatar jiki a ɗinkin tufafi take zama, tana kuma ɗaukar cututtukan zazzaɓi masu haɗari, don haka gidan wankan da ba shi da wurin wanki rabin aiki ya yi.

Batun ma ba sabo ba ne. Lokacin annobar kwalara ta 1832 a birnin Libaful na Ingila, wata mata mai suna Kitty Wilkinson ta bar maƙwabta suna dafa kayan shimfiɗarsu a tukunyar wankinta. A 1842 hukumar birnin ta buɗe gidan wanka da wanki na jama'a, a 1846 kuma Ingila ta yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi ikon gina irinsa da kuɗin jama'a.

Tambaya: Ƙungiyarmu na shirin gina gidan wanka da muke sa ran mutum 300 za su yi amfani da shi kullum. Ɗakuna nawa za mu yi, ruwa nawa za mu tanada? (Daga sakataren wata ƙungiyar unguwa)

Amsa: Malam, kada ka raba 300 a kan awannin da za ku buɗe. Jama'a ba sa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Da sassafe suke taruwa, sai kuma bayan tashi daga aiki. Awa mafi cunkoso ita ke yanke yawan ɗakuna. Mutum ɗaya na riƙe ɗaki kamar minti 15, daga tuɓe kaya zuwa sa kaya da ɗauraye ƙasa, wato ɗaki ɗaya na ɗaukar mutum 4 a awa. Mu ƙaddara mutum 45 ne ke zuwa a awar cunkoso: ɗakuna 12 ke nan. Ƙara ɗaya ko biyu, domin kullum za a samu wanda ake gyara ko wankewa. Ƙa'idojin agajin gaggawa na Sphere sun ce kada mutum fiye da 50 su dogara da wurin wanka ɗaya, amma wannan ƙa'idar sansanin 'yan gudun hijira ce, mafi ƙarancin abin da za a lamunta. Kada a ɗauke ta a matsayin abin koyi a birni.

Yanzu ruwa. A nan kan shawa ne ke mulki. Kai mai zubar da lita 6 a minti, idan ya yi gudu na minti 5, lita 30 ce ga mutum ɗaya, lita 9,000 ga mutum 300. Ƙara kashi 20 cikin 100 don wanke ƙasa da wanke hannu da ɗan yoyo, ka tashi da kusan lita 11,000 a rana. In kuwa aka sa kai mai lita 12 a minti da famfon murɗawa, mutum ya bar shi a buɗe minti 8 yana sabulu, lita 96 ce, wato lita 28,800 a rana. Gini ɗaya, mutane ɗaya, amma ruwan ya ninka sau uku.

Abubuwa biyu ke kawo wannan bambanci. Na farko ɗan zoben roba da ake sakawa a wuyan kan shawa, mai taƙaita gudun ruwa. Na biyu famfon dannawa mai rufe kansa bayan daƙiƙa 20 zuwa 30. Wanda ke buƙatar ƙari sai ya sake dannawa. Ba a hana kowa ruwa ba, an dai hana ruwa zuba a banza. Bokiti mai lita 15 zuwa 20 da abin ɗiba ya fi duka tsimi, kuma yana da kyau a bar famfo a ƙasa, kamar santimita 50 daga daɓe, don mai son wannan hanya da mai yi wa yaro wanka.

Ga inda ake yawan faɗawa rami: an sayi famfon dannawa, an ɗora tanki a kan rufi, sai ruwa ya riƙa fitowa kamar hawaye. Tsayin mita 10 ne ke ba da matsi na ba 1 ("ba" sunan ma'aunin matsin ruwa ne), kuma ana auna tsayin ne daga ruwan tanki zuwa kan shawa, ba zuwa ƙasa ba. Tankin da ya ɗara kan shawa da mita 3 matsin ba 0.3 kawai yake bayarwa, alhali da yawa daga cikin famfunan dannawa na son kusan ba 1. Ko dai a nemi nau'in da aka yi don ƙaramin matsi, ko a sa injin tura ruwa. A duba takardar kayan kafin a biya kuɗi. Babban bututun da ke ciyar da kawuna 12 zai ɗauki lita 72 a minti. Faɗinsa kada ya gaza milimita 40, in kuma da nauyin ruwa kaɗai ake aiki a yi 50, in ba haka ba ɗakunan ƙarshe za su riƙa ƙafewa duk lokacin da na farko suka buɗe.

Tanki ya ɗauki ruwan kwana 2, a raba shi gida biyu don a iya wanke ɗaya ba tare da an rufe wuri ba. A tuna kowace lita 1,000 tan guda ce. Hasumiyar tanki aikin injiniyan gini ne, ba na mai walda shi kaɗai ba. A yi masa murfi mai kulle da inuwa, a sa raga a bakin bututun ambaliya saboda sauro. A bakin famfo sinadarin kilorin da ya rage cikin ruwa ya kasance miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita.

Tambaya: An ce mana idan muka sa hitar sola mun huta da kuɗin wuta. Gaskiya ne? Sannan me ya sa ake cewa a dafa ruwa ya kai digiri 60 alhali ba wanda zai iya wanka da shi? (Daga wani mai aikin famfo)

Amsa: Maigida, bari mu fara da lissafi. Ɗaga zafin lita 1,000 da digiri ɗaya na cin yunit 1.16 na makamashi, yunit irin na mitar wuta. Ruwan wankan mutum 300, lita 9,000, daga digiri 20 zuwa 38, zai ci kusan yunit 188 a rana. Farantin dumama ruwa, a wurin da rana ke da ƙarfi, na ba da kamar yunit 2.5 a kowane murabba'in mita a rana. Kana buƙatar faranti mai faɗin murabba'in mita 75 ke nan, da tankin ajiya mai rufin hana zafi fita, lita 50 zuwa 80 ga kowane murabba'in mita. Ka ga ba ƙaramin rufi ba ne. Sannan rana da tsaka take dafa ruwa, jama'a kuwa da asuba suke so, don haka ingancin rufin tankin ya kusa kai ingancin farantin muhimmanci. Ranar hadari da lokacin sanyi sai da mataimaki. Injin dumama mai jawo zafi daga iska ya fi hitar ƙarfe tsimi: yunit ɗaya na wuta yana ba da kusan uku na zafi, 188 ta koma kamar 63. Sola na rage kuɗi sosai, amma wanda ya ce za ta shafe shi gaba ɗaya talla yake yi. Kuma ka lura, da kan shawa mai ɓarna ɗin nan, buƙatar ta haura yunit 600. Tsimin ruwa shi ne tsimin wuta mafi araha.

Digiri 60 kuma saboda ƙwayar cutar lijonela ne, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45, musamman wanda ya kwanta. Ba shan ruwan ke kawo ta ba, shaƙar feshinsa ne, shawa kuwa feshi ce aikinta. Tsofaffi da masu shan taba da masu raunin garkuwar jiki ta fi kamawa. Hitar sola da ta tsaya a digiri 40 ranar hadari ta zama gonar wannan ƙwaya.

Tsarin shi ne: a ajiye ruwan zafi a digiri 60, ya zagaya cikin bututu bai sauka ƙasa da 50 ba, sai dab da shawa a gauraya shi da na sanyi ta bawul mai daidaita zafi da kansa, a saita shi tsakanin 38 da 41. Bawul ɗin ya kasance kusa da kan shawa, bai wuce mita 2 ba, don kada a samu dogon bututu cike da ruwa mai ɗumi. Kada a taɓa barin ruwan digiri 60 ya isa ɗaki kai tsaye. Cikin 'yan daƙiƙoƙi yake sale fata, yaro da tsoho kuma tun kafin haka. Bawul mai kyau yana datse ruwan zafi nan take idan na sanyi ya ɗauke. A gwada wannan lokaci-lokaci: rufe na sanyi, ka ga ko shawa ta tsaya.

Sauran aikin na yau da kullum ne. Duk reshen bututun da aka daina amfani da shi a yanke shi daga tushe, kada a toshe bakinsa kawai. Ɗakin da ba a cika shiga ba a buɗe ruwansa na 'yan mintuna duk mako. Kawunan shawa a kwance su duk wata 3, a cire allin da ya daskare, a jiƙa a maganin kashe ƙwayoyi. Bututun sanyi kada ya bi ta kan kwano a rana ko ya jingina da na zafi. A inda yanayi ke da zafi ruwan sanyi da kansa yakan wuce digiri 20, a nan inuwa da kilorin da rashin barin ruwa ya kwana a bututu su ne kariya. Wutar lantarki kuwa, duk layin da ya shiga ɗakin wanka ya bi ta na'urar da ke katse wuta idan ta fara tsiyaya, mai ƙarfin miliamfiya 30.

Tambaya: Gidan wankan da ke kusa da mu ba ya rabuwa da wari, ƙasa kullum da ruwa kwance, ruwan da ke fita kuma ya zama tafki a bayan gini. Ina matsalar take? (Daga wata malamar makaranta)

Amsa: Malama, matsala uku kika lissafa, kowacce da tushenta.

Ruwa kwance daga gangarar daɓe ne. Kowace mita ɗaya ya kamata ta sauka da santimita 1.5 zuwa 2 zuwa ga rariya. Ƙasa da haka ruwa ba ya tafiya, fiye da haka mutum ya zame. Kuma ruwan ɗaki ɗaya kada ya ratsa ta ƙarƙashin ƙafar na kusa da shi. Kafin a shimfiɗa tayil ana shafa abin hana ruwa shiga siminti, ya hau bango har sama da kan shawa, a toshe rariya, a cika daɓen da ruwa a bar shi awa 24. In ya ragu, akwai yoyo, a nemo shi tun yanzu. Bayan tayil sai da guduma. Tayil ɗin ƙasa ya zama mai kaushi, ƙanana sun fi manya domin sun fi bin gangara.

Wari galibi daga rariya yake tasowa. A ƙarƙashin kowace rariya akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ruwa kamar santimita 5, shi ne murfin da ke hana iskar magudana dawowa. In ba a sa ta ba, ko ruwan ya ƙafe, ko babu bututun shan iska da ya fita ta rufi har gudun ruwa ya zuƙe shi, wari zai shigo ko da an wanke ƙasa sau goma. Sai gashi da daskararren sabulu: kowace rariya na buƙatar kwandon tace gashi da ake cirewa a zubar kullum. Bututun fita daga ɗaki kada ya gaza milimita 50, babban kuma 110, da gangarar kusan santimita 2 a kowace mita, da wurin buɗewa a duk inda ya yi kwana. Tururi kuma sai ya samu hanya: tagogi biyu masu fuskantar juna can sama, ko fanka mai jan kusan lita 15 na iska a daƙiƙa ga kowace shawa. In babu, fumfuna za ta cinye silin.

Tafkin bayan gini shi ne mafi haɗari, domin sauro ne ke amfana. Ruwan wanka lita 9,000 a rana ba ya ɓacewa don an haƙa rami. In akwai magudanar birni, a haɗa da izini. In babu, a fara gwada ƙasa: a zurfin da za a yi sokawe a haƙa ɗan rami santimita 30 ta kowane ɓangare, a cika da ruwa a bar shi ya kwana, washegari a sake cikawa, a auna lokacin da ruwan ya ɗauka kafin ya sauka daga kashi uku cikin huɗu na ramin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, a raba daƙiƙoƙin da 150. In amsar ta faɗa tsakanin 15 da 100, ƙasar za ta sha. In ta haura 100, laka ce, sokawe ba zai yi ba. Ramin sokawen ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, gindinsa kuma ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita 1.5. A gabansa a yi tanki mai ɗaki biyu inda datti zai kwanta, kumfa da maiƙo su taso. In ba shi, sabulu zai liƙe ramin cikin ɗan lokaci.

Sake amfani da ruwan abu ne mai kyau, amma a yi lissafi kafin a yi alkawari. Masai mai lita 6, in aka kora sau 300, lita 1,800 ce, kashi ɗaya cikin biyar kacal na ruwan wankan. Saura sai an nema masa wuri: ban ruwan bishiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, ko wanke titi. Tace shi ta kwamin tsakuwa mai zurfin santimita 60 da aka shuka ciyayin fadama a kai yana aiki, sai dai riƙe ruwan na kwana 2 zai ci fili sama da murabba'in mita 80, abin da ke wuya a tsakiyar birni. Ruwan wankan da ba a tace ba kada ya wuce awa 24 a tanki, zai ruɓe. Bututunsa a yi masa launi dabam, kuma kada ya haɗu da na ruwa mai tsafta ta kowace hanya.

Tambaya: An raba mana ɗakuna daidai wa daida, shida maza shida mata, amma ɓangaren mata kusan kullum babu kowa. Ko mata ba sa buƙata ne? (Daga shugaban wani kwamitin kasuwa)

Amsa: Alhaji, buƙata na nan, wurin ne bai karɓe su ba. Je ka tsaya a bakin ƙofar mata ka duba abin da mace ke gani. Ƙofar na kallon ta maza, ko tana kallon inda maza ke zama? Wa ke karɓar kuɗi? Akwai fitila a hanyar zuwa bayan faɗuwar rana? Sakatar ciki na aiki? Bangon ya kai sama, ko mai tsayi zai iya leƙe? Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kore su, kuma ba za su zo su kai ƙara ba, za su daina zuwa ne kawai.

Ƙofofin shiga su kasance a ɓangarori dabam-dabam, da katangar kariya a gaban ta mata, mace ce kuma za ta kula da ɓangaren. Kowane ɗaki ya zama kashi biyu a bayan ƙofa ɗaya: wurin ruwa, da busasshen wuri mai benci da maratayi, don kada a fito tsakar gida sa kaya. Faɗin mita 1 da tsawon mita 2 ya isa. A sa kwandon shara mai murfi a cikin kowane ɗaki saboda audugar mata, in babu za ta ƙare a rariya ta toshe. Magudanar ɓangaren mata a rufe take. Mace mai jinin al'ada ba za ta yi wanka ko wanke ƙyalle a inda ruwan zai bi ta buɗaɗɗiyar kwata kowa na gani ba.

Daidai wa daida ma ba lallai adalci ba ne. Mata kan ɗauki lokaci fiye da maza, su ne kuma galibi ke zuwa da yara, don haka da zarar sun fara zuwa layinsu zai fi tsawo. A tanadi babban ɗaki guda na uwa da yara, a kuma gina bangon tsakiya yadda za a iya mayar da ɗaki ɗaya ko biyu ɓangaren da ya fi cunkoso. Kafin a taɓa bulo ɗaya, a sa mata su tambayi matan kasuwar, ba a gaban maza ba.

Tambaya: Ina amfani da keken guragu. An rubuta a ƙofa cewa akwai ɗakinmu, na je na tarar da matakala biyu kafin a kai gare shi. Mene ne ainihin ma'aunin da ya kamata? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka gani ya zama ruwan dare, kuma tun ran gini ran zane: gyara daga baya ya fi tsada nesa ba kusa ba. Hanya daga titi har ɗaki ba matakala. In akwai tudu, gangarar kada ta wuce hawan santimita 1 a kowace santimita 12, da abin riƙewa hagu da dama. Ƙofa mai faɗin santimita 90, mai buɗewa waje, domin wanda ya faɗi a ciki jikinsa kan tokare ƙofar da ke buɗewa ciki. Sakatar ta zama wadda mai kula zai iya buɗewa daga waje in ta ɓaci. A ciki fili mai faɗin mita 1.5 don keke ya juya, ba dakali tsakanin busasshen wuri da wurin ruwa. Kujerar zama a tsayin santimita 45 zuwa 48, daidai da na keke. Ƙarfen riƙewa a tsayin santimita 85 zuwa 90, a kafe cikin bango yadda zai ɗauki nauyin sama da kilo 100. Wanda aka ɗaure a jikin tayil kaɗai tarko ne. Shawar hannu mai tiyo mita 1.5, da famfo mai mariƙin da ake turawa da gwiwar hannu, wanda mai zaune zai kai gare shi. Igiyar ƙararrawa ta sauko har kusa da ƙasa. Ga masu raunin gani, ƙarfe da ƙofa su bambanta da launin bango.

Ɗakin ya kasance da ƙofarsa ta kansa, ba cikin ɓangaren maza ko mata ba, don miji ya iya taimaka wa matarsa, 'ya ta taimaka wa mahaifinta. Kuma a hana mayar da shi ma'ajiyar tsintsiya da bokitai, wanda shi ne ƙarshen da yawansu.

Tambaya: Motar wanka mai yawo fa? (Daga wata ɗalibar jami'a)

Amsa: An yi. A 2014 ƙungiyar Lava Mae ta fara mayar da tsofaffin motocin bas na birnin San Faransisko wuraren wanka don marasa matsuguni, tana jan ruwa daga famfunan kashe gobara. Irin wannan mota tana kai wa ga waɗanda gini ba ya kai wa, amma ɗaki biyu ko uku ne a mota, ga direba, ga mai, ga neman inda za a zubar da ruwan. Cike giɓi ce, ba ta maye gurbin gini.

Tambaya: A karɓi kuɗi ko a bari kyauta? Muna tsoron in kyauta ne wurin zai lalace, in da kuɗi kuma talaka ba zai shiga ba. (Daga wata 'yar majalisar birni)

Amsa: Hajiya, duka hanyoyin biyu an bi su kuma sun yi aiki. Birnin Faris na Faransa ya mayar da gidajen wankansa kyauta tun 2000, hukumar birni ke ɗaukar nauyi. A Indiya ƙungiyar Sulabh, wadda Bindeshwar Pathak ya kafa a 1970, ta buɗe wurin biya-ka-shiga na farko a Patna a 1974, da banɗaki da wurin wanka da masu kula. Dokar Ingila ta 1846 kuwa ta ƙayyade iyakar kuɗin shiga, ta kuma wajabta ɗakunan masu ƙaramin ƙarfi su ninka na masu hali. Abin da ya haɗa su duka: akwai wanda aka san shi ke biyan ruwa da albashi da gyara kowane wata. Kyauta ba ta lalata wuri, rashin mai kula ne ke lalata shi.

A ra'ayinmu kuɗin ƙofa shi kaɗai da wuya ya riƙe gidan wanka a unguwar talakawa, duk wanda aka ba kwangila a kan haka kuwa ko ya ƙara kuɗi ko ya rage tsafta. Wurin da ke tasha mai cinkoso ya tallafa wa na unguwa. Wanki da ajiyar kaya da hayar shago a jikin ginin su kawo ƙari. Yara da tsofaffi da masu buƙata ta musamman su shiga kyauta. Wanda ba shi da ko sisi a ba shi tikiti ta asibiti ko ofishin jin daɗin jama'a, tikitin kuma ya zama iri ɗaya da na mai biya, don kada a gane shi a layi.

Kuɗi ma ba shi kaɗai ke korar mutane ba. Neman katin shaida na korar wanda ya fi kowa buƙata. Buɗewa ƙarfe 9 a rufe ƙarfe 4 na korar duk mai aikin yini. Rashin akwatin ajiya mai kulle na korar wanda duk abin da ya mallaka ke cikin jaka ɗaya. Ɗan sabulu a ƙofa ya shiga cikin kasafi. Tawul da soso kuwa kowa da nasa; in za a ba da aron tawul, sai an wanke shi a ruwan digiri 60 bayan kowane mutum, saboda ƙazwa da ƙwarƙwata.

Tambaya: Me ya sa irin waɗannan wurare ke mutuwa shekara biyu bayan an yanke ƙyalle? (Daga wani ɗan jarida)

Amsa: Malam, a hankali suke mutuwa. Famfo ɗaya ya lalace, ba a samu irinsa a kasuwa ba, aka ɗaure ɗakin da waya. Na biyu ya bi. Layi ya yi tsawo, mutane suka ragu, kuɗin shiga ya ragu, aka sallami mai shara, wari ya kori sauran.

Rigakafin daga zane yake farawa. A bar lungu mai faɗin santimita 80 a bayan jerin ɗakuna, mai ƙofa da kulle, duk bututu da bawul su bi ta nan. A cikin ɗaki abin dannawa da kan shawa kaɗai za a gani. Ɓarawo bai samu abin kwancewa ba, mai gyara kuma ba sai ya fasa bango ba. Kowane ɗaki da bawul ɗinsa na rufewa. Famfuna duka nau'i ɗaya, wanda ake samun kayansa a kusa, a sayi ƙarin biyu ko uku tun ranar farko tare da robobinsu. Kuɗin gyara a asusu dabam, mai kula kuma ya sami ikon sayen ƙananan kaya ba tare da jiran sa hannun mutum biyar ba.

Wanke wuri: a fara da sabulu da buroshi, sannan maganin kashe ƙwayoyi, domin bilic ba ya aiki a kan datti. Bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ana haɗa awo 1 da awo 49 na ruwa don ƙasa da bango. In jini ne ko bayan gida, awo 1 da awo 9. A haɗa sabo kullum, a bar shi ya jima a wurin kafin a ɗauraye. Kada a taɓa gauraya shi da ruwan asid na wanke tayil, hayaƙin da ke tashi yana iya kisa a rufaffen ɗaki. Mai shara na buƙatar safar hannu da takalmin roba, da albashi a kan kari.

A sa mitar ruwa a bakin shiga. Famfo mai ɗigo ɗaya a daƙiƙa na zubar da kusan lita 20 a rana, yoyon da ke ƙarƙashin daɓe kuma ba a ganinsa. Mai kula ya rubuta lambar mita lokacin rufewa da lokacin buɗewa. In ta motsa cikin dare, akwai yoyo. Ya kuma raba ruwan yini a kan yawan waɗanda suka shiga. In an saba ganin lita 35 ga mutum sai ta koma 50, wani famfon dannawa ya daina rufe kansa, ko an zare zoben da ke wuyan wata shawa, a bi ɗaki-ɗaki da bokiti da agogo a nemo shi.